Fashin baƙi: Abin da ya sa masu ɗamara ke sauya ra'ayi kan ƙaramar bindigar aiki

Bayan wani artabu da aka yi a birnin Mayami a 1986, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yanke cewa harsashin 9mm, wato na ƙaramar bindiga mai faɗin milimita tara, bai kai jami'i ya jingina ransa a kansa ba. Ta sauya bindiga, ta sake sauyawa, rundunonin 'yan sanda masu yawa a ƙasar suka bi sahunta. Sai ga shi a 2014 sashen horaswa na hukumar ya fitar da takarda yana cewa 9mm ɗin da aka yi wa kallon raini shi ya fi dacewa da aiki, a 2016 kuma aka ba kamfanin Glock kwangilar kawo bindigogi masu cinsa. Mai jin labarin a taƙaice zai ce ai amai aka yi aka lashe, ko kuwa wani ne ke cin kwangila. Ban kore zancen kwangila ba, don harkar makamai ko'ina ba ta rabuwa da shi. Amma wanda ya bi labarin daki-daki zai ga tambayar da ake yi ce ta canza. Da can ana tambayar wane harsashi ne ya fi ƙarfin bugu. Daga baya aka koma tambayar wace bindiga ce jami'i na yau da kullum, wanda ba gwanin harbi ba, zai iya samun abin da ya saita da ita a lokacin da hannunsa ke rawa.

Zancen bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Kwalejin da ke yaye manyan jami'an 'yan sanda na ƙasa tana Wudil, kuma da wuya ka shiga gari a ƙasar Gaya ko Ringim ko Gumel ka rasa gidan da ya ba da ɗa ga aikin ɗan sanda, ko kwastan, ko sibil difens, ko soja. Tsofaffin da suka ajiye kaki suka dawo gida noma, in hira ta yi daɗi a majalisa bayan la'asar, wannan musu ba ya wuce su: wani ya ce libarba ce bindigar amana, wani ya ce shi dai a bar shi da fistol ɗin Browning. Sai dai a fara da sanin iyaka. A ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, fistol da libarba suna cikin makaman da aka haramta wa farar hula, ba a mallakarsu sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta lasisinta na hannun Sufeto Janar, bindigar toka kuwa na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Saboda haka maganar ta masu ɗamara ce, sai kuma mu da ake yawo da bindigar a tsakiyarmu ranar kasuwa.

Tsohon ra'ayi mai sauƙin ganewa ne: babban harsashi shi ke kayar da mutum. A farkon shekarun 1900 sojojin Amurka sun yi yaƙi a kudancin Filifin da Musulmin Moro, waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga mulkin mallaka, suka dawo suna kukan cewa libarbarsu mai harsashin .38 ba ta tsayar da mutumin da ya taso musu da takobi. A 1904 aka yi gwaji a kan shanu a mayankar Shikago da kuma gawawwaki, aka fito da shawarar kada harsashin ƙaramar bindigar soja ya yi ƙasa da .45, wato faɗin milimita 11 da 'yan kai. A 1911 suka karɓi bindigar da John Browning ya ƙera, mai cin harsashi bakwai, suka riƙe ta har 1985. Shekara saba'in da huɗu ke nan, kuma har gobe akwai Amurkawan da ba sa son jin sunan wata.

Turai ta bi wata hanya. Harsashin 9mm da Georg Luger ya fitar wa Jamusawa a farkon ƙarnin nan da ya wuce shi ya mamaye nahiyar, daga baya ya zama na bai-ɗaya a ƙungiyar tsaro ta NATO. A 1935 kamfanin FN na Beljiyam ya fitar da Browning Hi-Power mai cin harsashi 13, wadda ta bazu a ƙasashen da Ingila ta raina, har da namu. Sojojin Birtaniya ba su rabu da ita ba sai a 2013, da suka sayi Glock 17 sama da 25,000. Su ma sojojin Amurka a 1985 sun sauko sun karɓi Beretta mai cin harsashin 9mm guda 15, mafi yawa don su daidaita da abokan ƙawancensu.

Shekara ɗaya da wannan sai abin Mayami ya faru, kuma ya kamata a tsaya a kansa, don daga nan aka ɗauki darasi, rabinsa daidai rabinsa a karkace. Ranar 11 ga Afrilu 1986 jami'an FBI takwas suka tare wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix, dukansu tsofaffin sojoji. Cikin ƙasa da minti biyar aka saki harsashi wajen 145. An kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, an jikkata biyar, 'yan fashin ma duka biyu suka mutu a wurin. Tun a farkon artabun harsashin 9mm na Dove ya shiga ta damtsen Platt, ya ratsa ƙirjinsa, ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya kai zuciya. Raunin na mutuwa ne, amma ba na nan take ba. Da wannan rauni a jikinsa mutumin ya ci gaba da harbi, kuma bayansa ne ya kashe jami'an biyu.

Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin da ya gaza inci ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, domin irin harsashin da suke amfani da shi a lokacin yana saurin buɗewa, ba ya nutsewa sosai. To amma a duba sauran abin da ya faru a wannan safiya. Platt doguwar bindiga ce a hannunsa, Ruger Mini-14, su kuwa jami'an mafi yawansu ƙananan bindigogi suka riƙe. Akasarinsu ba su sa rigar sulke ba. Ɗaya daga cikinsu ya zare bindigarsa daga kube ya ajiye a kan kujerar mota don ta kasance kusa, da motocin suka yi karo ta yi tsalle, bai sake ganinta ba har aka gama. Grogan, wanda aka sani da iya harbi, tabaransa ya faɗi a karon. A ganina waɗannan sun fi inci ɗayan nan nauyi. Sai dai harsashi ba shi da bakin kare kansa a gaban kwamiti, kuma sauya shi ya fi sauya tsarin aiki sauƙi.

Duk da haka alheri ya fito daga wannan bincike. FBI ta kafa ma'auni wanda har yau kamfanonin harsashi ke bi. Ana harba harsashi cikin wani daskararren abu da aka haɗa don ya yi kama da tsokar mutum, ana so ya nutse tsakanin inci 12 zuwa 18, wato kamar santimita 30 zuwa 46. Ƙasa da haka ba zai kai inda ake so ba, fiye da haka kuma zai ɓulla ya sami wanda ke baya. Kuma ba a tsirara kaɗai ake gwadawa ba, sai an sa tufafi masu kauri a gaba, da ƙarfen jikin mota, da katako, da gilashin mota. Da wannan ma'auni suka zaɓi harsashin 10mm da bindigar Smith & Wesson 1076. Ba a daɗe ba aka ga bindigar ta yi nauyi, ƙotarta ta yi wa masu ƙananan hannu girma, ga shi harsashin da cikakken albarushinsa yana shuri sosai, sai da aka rage masa. Kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka lura cewa tunda an rage albarushi, ai ƙwanson ma ana iya gajarta shi, a 1990 suka fito da .40 S&W. A 1997 FBI ta koma Glock 22 da 23 masu cin wannan harsashi, kuma kusan shekara ashirin shi ne sarki a ɗamarar 'yan sandan Amurka.

Me ya dawo da su 9mm? Da farko dai ma'aunin da suka kafa da kansu ya tilasta wa kamfanoni gyara harsashin, har na zamani ya riƙa cin jarabawar da na 1986 ya faɗi. Sannan takardar 2014 ta faɗi abin da masu son babban harsashi ba su ji daɗinsa ba: likitan da ke aiki a kan raunin bindiga da ƙyar yake iya bambance na 9mm da na .40 da na .45. Babu ƙaramar bindigar da ke ɗaga mutum ta yar kamar yadda ake nunawa a fim. Abin da ke tsayar da mutum shi ne inda harsashin ya samu da zurfin da ya yi. Takardar ta kuma kawo adadin da ya kamata kowane mai koyar da harbi ya haddace, cewa a artabu na gaske jami'ai suna kuskuren kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na harsashin da suka harba. In haka ne, bindigar da ba ta shuri sosai, wadda bakinta ke saurin dawowa kan saiti, ta fi wadda ke da ƙarfin bugu amma ta bugi iska. Glock 17 da Glock 22 girmansu ɗaya, amma ta farko tana cin 17, ta biyu 15. Harsashin 9mm ya fi araha, ba ya saurin cinye bindiga, kuma da kuɗi ɗaya jami'i zai fi yawan zuwa filin koyon harbi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai abin da masu kwaso wannan hukunci su kawo shi nan ke tsallakewa. Duk lissafin FBI a kan harsashi mai rami a ka aka yi shi, wanda ke buɗewa kamar fure in ya shiga jiki ya tsaya. Irin wannan an hana amfani da shi a yaƙi tsakanin ƙasashe tun yarjejeniyar Heg ta 1899, shi ya sa sojojin ƙasashe da yawa ke amfani da mai dunƙulallen kai wanda aka lulluɓe da ƙarfe. Shi wannan ba ya buɗewa, yakan ratsa ya wuce. Rundunar da abin da ke ma'ajiyarta irin na soja ne ba za ta ce sakamakon gwajin FBI nata ba ne gaba ɗaya. Hujjar sauƙin saiti da yawan harsashi da araha tana nan daram, amma haɗarin ɓullawa ya sami mai tallar gyaɗa a baya ya ƙaru, kuma dole horo ya yi la'akari da haka.

Sauyin ra'ayi na biyu a kan jikin bindigar ne. Gaston Glock, ɗan ƙasar Ostiriya da ya rasu a 2023, ba maƙerin bindiga ba ne tun asali, sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi. Da sojojin ƙasarsa suka karɓi bindigarsa a 1982, tsofaffin hannu suka yi ta dariya, wai bindigar roba. Har jita-jita aka yaɗa cewa na'urar filin jirgin sama ba ta ganinta, alhali bututunta da murfin samanta duk ƙarfe ne. Abin da ya rufe bakin masu dariya shi ne aiki. Kayan cikinta kaɗan ne, talatin da 'yan kai, ta fi Beretta sauƙi da kusan rubu'in kilo, kuma wanda ya taɓa wuni da ɗamara a rana ta watan Afrilu ya san rubu'in kilo ba wasa ba ne. Ba ta da makullin gefe da za a manta a buɗe a lokacin firgici, nauyin kunamarta kuma iri ɗaya ne daga harbin farko zuwa na ƙarshe. Yau kusan duk manyan kamfanoni wannan tsari suke bi.

Sauƙin nan yana da farashi. Bindigar da ba ta da makullin gefe, kunamarta kuma ba ta da tauri, ba ta yafe wa mai sa yatsa inda bai kamata ba. Da rundunar sharif, wato 'yan sandan gunduma, ta yankin Los Anjalis ta fara barin Beretta ta koma Smith & Wesson M&P mai irin wannan tsari, harbin kuskure ya tashi daga 12 a 2012 zuwa 30 a 2014. Jami'an sun saba ɗora yatsa a kan kunama mai tauri, hannu kuwa ba ya manta abin da ya saba. 'Yan sandan Niyok sun bi ta wata hanya tun da suka bar libarba a shekarun 1990: suka sa aka ƙara wa kunama tauri har sai an ja da ƙarfin sama da kilo biyar. Sai wata matsala ta ɓullo, domin jan kunama mai tauri yana karkatar da bakin bindiga daga saiti, a gari mai cunkoso kuwa kowane harsashin da ya kauce yana da inda zai sauka. A 2021 suka fara ba sababbin kurata bindiga mai kunamar kilo biyu da 'yan kai. Su ma sun sauya ra'ayi ke nan, bayan kusan shekara talatin.

Mu a nan mun saba jin cewa harsashi ne ya suɓuce, yawanci bayan an kai gawa asibiti. Bindiga lafiyayya ba ta tashi da kanta. Yatsa ne ke shiga inda ba a aike shi ba, ko kuwa bakin riga, ko igiyar wando. Na sha ganin jami'in farin kaya ya soke fistol a ƙugu, ya saki riga a kai, ya hau bayan babur a kan hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Da Browning ko Beretta mai makulli wataƙila a sha. Da bindigar zamani mai harsashi a baki, wannan neman ajali ne. Kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, mai maɓallin da ke hana wani fizge bindigar a cikin turmutsitsi, ba ado ba ne, rabin makullin bindigar ne aka fitar aka sa a ɗamara.

Wata rana a zauren wani tsohon sufeto a ƙasar Gaya na ji an yi wannan musu tsakaninsa da ɗan ƙanensa, wanda bai daɗe da fitowa daga horo da tauraro a kafaɗa ba. Yaron ya ce, "Baffa, ku fa zamanin libarba kuka yi, yanzu an wuce nan." Tsohon ya gyara zama a kan buzu, ya ce, "Yallaɓai, ai tun kafin a haife ka na bar ta." Ya ce shi a da ya fi kowa yabonta, don ba ta da gidan harsashin da zai lalace, in ɗaya ya ƙi tashi ka sake ja na gaba ya zo. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu kamar yana riƙe da ita, ya shiga nuna yadda ake ɗura harsashi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa da babban yatsa, ya ce a gwada yin haka cikin duhu, hannu jiƙe da gumi, ana jin ƙarar harbi daga bayan kara. Shida ne, in sun ƙare sai addu'a. Amma bai bar yaron ya tafi da nasara ba. Ya tambaye shi, tun da aka tura shi caji ofis, sau nawa aka kai su filin harbi. Yaron ya sosa ƙeya ya kawo zancen shayi.

Ko yabon da tsohon ya yi wa libarba yana da iyaka. Gaskiya ne ba ta yawan cijewa, amma yashi in ya shiga tsakanin gangar da ke juyawa da jikin bindigar, ko ƙarƙashin abin da ke turo ƙwanso, takan ƙame gaba ɗaya, sai an kai ta wurin gyara. Fistol kuwa mafi yawan cijewarta jami'in da ya sami horo yana warware ta cikin 'yan daƙiƙu.

Wannan ya kawo mu ga abin da babu gwajin Amurka da zai amsa mana shi: ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, jami'in da ke shingen hanya a Maigatari ko Ɓaɓura yana wuni cikin hazon da ke shiga ido da kunne da duk wata kafa ta ƙarfe. In ya cika wa bindiga mai, ƙurar ta haɗu da man ta zama laka. In damina ta sauka, a fadamar Haɗeja da Auyo tsatsa ce ke karɓar aiki, gumi ma kaɗai ya isa ya ci ƙarfen da ke manne da jiki. Sojojin Amurka sun ɗanɗana irin wannan a Iraƙi, inda suka yi ta kukan Beretta tana cijewa. Da aka bincika sai aka tarar babban laifin na gidan harsashi ne: fentin da aka shafa a cikinsa yana da kaushi, yana riƙe yashi, harsashi ya kasa hawowa. Aka sauya fentin, matsalar ta ragu sosai, amma sunan bindigar ya riga ya ɓaci a bakin sojoji. Mafi yawan cijewar fistol daga gidan harsashi take, ko sifirin ya saki, ko leɓensa ya lanƙwashe don an yar da shi a kan siminti. Abu ne mai araha wanda ya kamata a riƙa zubarwa ana sauyawa, amma a inda bindiga ke wucewa daga hannu zuwa hannu kowace safiya a bakin ma'ajiya, ba mai ɗaukarsa nasa balle ya kula.

Shi ya sa a wurinmu tambayar wace ce ta fi kyau ba ta rabuwa da tambayar wace ce ake samun kayanta. Ɗan acaɓa a ƙauye ya san akwai baburan da suka fi Boxer gudu da kyan gani, amma ita yake saye, don ko a ƙarƙashin wace bishiya ya tsaya akwai bakanike da ya san cikinta kuma yana da kayan gyaranta a akwati. Rundunar da ta tara fistol iri biyar daga ƙasashe huɗu, wannan gwamna ya ba da kyautar wasu, wancan kwangila ta kawo wasu, ta ɗaure kanta da kanta. Gidan harsashin wannan ba ya shiga waccan, kuben waccan ba ya karɓar wannan, mai kula da ma'ajiya kuma ba zai ƙware a ko ɗaya ba. Muna da masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, kuma ko ba a ƙera bindigar a gida ba, harsashi da gidansa da kube ba su fi ƙarfin a yi su a nan ba.

Kada kuma a ɗauka sabuwa ko wadda babbar runduna ta zaɓa ita ce ƙarshen magana. A Janairun 2017 sojojin Amurka suka zaɓi SIG Sauer P320, suka sa mata suna M17 da M18. Abin da ya ja hankalinsu shi ne ana iya cire injin cikinta a sa shi a ƙota babba ko ƙarama daidai hannun mai riƙo, abin da ke da amfani ga rundunar da ke da mata da maza. A cikin shekarar aka gano cewa wadda ake sayarwa a kasuwa tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya kira masu ita su kawo a gyara kyauta. Daga baya aka yi ta shigar da ƙararraki ana zargin tana tashi a cikin kube ba tare da an taɓa kunama ba. Kamfanin ya musanta, amma wasu rundunonin 'yan sanda sun janye ta. Ƙasar da ke sayen bindiga sau ɗaya ta riƙe shekara ashirin ba ta da dalilin zama zakaran gwajin dafi. Haka ma ɗan madubin saiti mai jan ɗigo da ake ɗora wa fistol yanzu: yana taimakawa, musamman ga wanda idonsa ya fara rauni, amma yana cin batir, gilashinsa kuma sai an riƙa gogewa, ga hunturu.

Akwai sauyin ra'ayin da ya fi duk waɗannan shafarmu, kuma ba a fara shi sosai ba. Ɗan sandanmu AK-47 aka san shi da ita, ko a ina, ko a kan me. A dajin Falgore, ko a garuruwan da ke iyaka da Katsina inda ɓarayin daji ke leƙowa, wannan daidai ne, kuma darasin Mayami na gaskiya ke nan. Ƙaramar bindiga amfaninta bai wuce mita hamsin ba a hannun gwani, a hannun saura kuwa bai kai rabin haka ba, AK kuma tana cin mita 300. Wanda ya tura yaro da fistol ya tari mai AK ya ɗauki alhakinsa. Amma a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko karar shanu ta Maigatari ranar Alhamis, ko rikicin gona tsakanin 'yan'uwa da aka kira 'yan sanda su raba, lissafin ya juya. Harsashin AK yana ratsa ƙofar langa-langa da zana da jikin mota, ya tafi neman wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai riƙe da ita hannayensa biyu a ɗaure suke, ba zai iya kama mutum ko sa ankwa ko rubutu ba sai ya rataye ta ko ya jingine ta, kuma tun kafin ya buɗe baki bakin bindiga ya riga ya yi magana. Umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya taƙaita harbi ga inda rai ke cikin haɗari na nan take. Fistol a kube ta fi dacewa da wannan umarni, don tana nan in an buƙace ta, ba ta kuma tsole wa kowa ido in ba a buƙace ta ba.

In aka tambaye ni abin da ya dace da jami'in da ke aiki a karkarar Kano ko Jigawa, zan ce fistol mai cin 9mm, matsakaiciya, wadda ta daɗe a hannun rundunoni har an san aibinta, iri ɗaya tak a duk rundunar. Glock 17 ko 19 sun cika wannan sharaɗi, akwai ma wasu da suka cika shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a ɓata dare ana musu ba. Inda ya kamata a sa ido shi ne takardar sayen. Ta nuna kube mai tauri ga kowace bindiga, da gidan harsashi uku maimakon ɗaya, da sifirin na sauyi, da horon masu kula da ma'ajiya a hedikwatocin Kano da Dutse, da kuma harsashin atisaye na kowace shekara da aka ware shi daban da na aiki, ta yadda DPO ba zai ji tsoron sa hannu a fitar da shi ba don kada a zo bincike a ce an yi asara.